Ranar da Tomasa ta yi wa na'ura tafi

"Lafiya lau na kwana, tunda ba ki zo kin yi mini waƙa ba."

Haka Tomasa, Allah ya jiƙanta, ta amsa gaisuwar jikarta Candela a safiyar nan. Ba ta daɗe da dawowa daga asibiti ba, likita ya ce zuciyar ta gaji, kuma kowa a gidan ya gane abin da yake nufi. Duk unguwarmu a garin Jerez na ƙasar Sifen babu mai tafin kiɗan gargajiya na flamenko kamarta, amma har ta tsufa ba ta taɓa yarda an naɗi tafinta ba. Ita kuwa Candela ta haɗa sabuwar waƙa, kiɗan gida da sautin na'ura, ta rantse ba za ta sake ta ba sai da hannun kakarta a ciki.

Tsohuwar na zaune a kicin tana ɗiga man zaitun kan burodi.

"Kaka, har yanzu kina nan? Na zo ɗaukar 'yan kunnenki ne, na ɗauka an gama."

"Sai na binne ki, ja'ira. Likitan ma ya fi ni tari."

"To, ara mini hannunki na ɗan lokaci."

"In yi wa injin wanki tafi? Jiya maƙwabta suka sa irin kiɗan naku, na tashi da gudu neman inda ruwa ya fashe."

"Da gudu? Ke da katantanwa ke wucewa ta bar miki sallahu?"

"Ƙafa ce ta tsufa. Hannun nan ya tayar da gurgu rawa a bikin uwarki, ya manta sandarsa har yau tana bayan ƙofa. Tafi na tsakar gida ne, a yi shi, a ci abinci, a watse. Ba sardin ba ne da za a cusa a gwangwani."

"Shi ke nan. Dama na'urar ta yi nata, ta ma fi ki. Ba ta gajiya, ba ta zagi."

Candela ta ajiye waya kusa da kwandon burodi ta kunna. Ganga ta dira, jita ta biyo, muryar yarinyar ta ɗauko a hankali kamar mai kuka. Sai ga tafi, kau-kau-kau, ya hau kan muryar ya danne ta.

Tomasa ta juya fuska wajen taga. Ta tauna burodi. Yatsunta dai sun fara motsi a kan tebur.

"Wane mara uwa ne ya yi wannan?"

"Na'ura. Ya yi daɗi ko?"

"Mutum na kuka, ana fasa masa faranti a ka? Nan ai lanƙwasa hannu ake yi, tafin ya fito can ƙasa-ƙasa, ya tallafi murya kamar an goya ta. Ga shi kuma a makare yake shigowa, kamar kakanki ranar aurenmu."

"Ni ban ji bambanci ba."

"Ina za ki ji, kunne duk ƙarfe? Saurara, kurma!"

Ta ture faranti, ta goge mai a gefen siket, ta haɗa hannuwan nan biyu da allurar asibiti ta bar wa tabo. Tafin ya fito da taushi da nauyi, ya shige ƙarƙashin muryar ya ɗaga ta. Da waƙar ta hau sama sai ta buɗe hannu, kicin ya ɗauka. Candela ta kasa ɗaga kai, hawaye na sauka kan burodin.

Waƙa ta ƙare. Tomasa ta jingina tana haki, ta miƙa yatsa ta ɗaga tsumman da ke kan kwandon. Ga ɗan makirfo da Candela ta ɓoye a kwance, jar fitilarsa na ƙyaftawa.

"Da gangan kika lalata tafin, ɓarauniya."

"Da gangan, Kaka."

"Kin naɗa?"

"Na naɗa."

"Goge shi."

Candela ta ɗago a firgice. Tsohuwar ta dube ta, ta tuntsire da dariya har tari ya sarƙe ta.

"Wancan na koya wa jaki ne. Ba zan tafi in bar wa duniya tafin gwaji ba. Tashi ki kashe firijin nan, ƙuginsa na shiga. Share majinar, ki mayar daga farko."