Fatalwar da ta Durƙusa wa Surukinta

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na zama fatalwa ba, kuma ko na so mantawa, 'yan majalisarmu ba za su bar ni ba.

Wasu 'yan jami'a ne a nan Dutse suka samo tsohon littafin Turawa mai ban tsoro, za su mayar da shi fim ɗin Hausa. Shugabansu, Nasiru, ya ba ni labarin da baki (ni da boko tun a aji uku muka yi hannun riga). Wai wani attajiri ne ya mutu amma ya ƙi barin gidansa, kullum yana yawo a saman bene yana neman matarsa. Mu ina muka ga irin wannan benen? Sai suka zaɓi wani kufai a tsakanin duwatsu, soronsa ya rufta, dabino ya yi masa rumfa. Da aka zo neman fatalwa, Nasiru ya dubi ramata da dogon wuyana, ya ce, "Baba, kai ko kwalliya ba sai an yi maka ba."

Wallahi na ji daɗi. Shekara sittin da ɗoriya, ko akuyar gidana ba ta taɓa shakkata ba. Na ce a raina, bana sai Jigawa ta ji tsorona.

Sharaɗi ɗaya ne, kada in yi magana. Kuma sau ɗaya za a ɗauka, kafin rana ta kore tururin da ruwan asuba ya bari.

Aka shafe ni da toka, aka naɗe ni da farin yadi. Na fito daga soron a hankali. Tururi yana lasar ƙafafuna, duwatsu kamar suna iyo a sama, kurciya na kuka can nesa. Na ji na yi sakayau. Har na fara yarda gidan nawa ne, na fara kewar matar da ban taɓa aura ba.

Sai na ji, "Salamu alaikum. Wa nake gani kamar mijin Hajara?"

Surukina ne, Baba Liman, da sandarsa, zai gona. Idonsa ya yi rauni, amma tafiyata ta gwame ba ta ɓoye masa.

Kafin in yi shawara da zuciyata, gwiwoyina sun riga sun kai ƙasa.

"Allah gafarta Malam, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Na ga ka yi fari fat, ko jikin ne?"

"Da sauƙi, Malam."

"To, a daure a je asibitin Jahun."

Muna ina gajiya, ina iyali, rana ta fito, tururi ya watse. Nasiru ya zauna a ƙasa yana dariya har da hawaye. Bai yanke wurin ba kuwa, haka aka haska shi. Yanzu ko jikokina in na tsawata musu, sai su durƙusa su ce, "Da sauƙi, Malam."

Ni dai na ɗau darasi. Duk mai son zama fatalwa, ya nemi garin da bai yi aure ba.