Furar da Na Sha da Bakina

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Laraba a shekarata ta biyu a makarantar koyon aikin nas, lokacin da aka tura mu gwaji wani asibiti a nan Keffi. A wancan zamanin ji nake ni da likita bambancinmu riga ce kawai. Ga rawar kai, ga baki kamar rediyo mai jini.

Da safe wata tsohuwa Bafulatana ta kawo jikanta, ɗan shekara uku. Wanzami ne ya ƙi yi masa kaciya, ya ce ya taɓa wani ƙulli a marainansa, a kai shi asibiti. Kowa ya ɗauka gwaiwa ce. Da aka yi hoto sai ga 'ya'yan maraina uku, biyu a hagu, ɗaya a dama. Likita ya ce shi ma a littafi kawai ya taɓa karantawa. Ya yi bayanin cewa tunda na ukun yana zaune lafiya a jakarsa, ba sai an yi aiki ba, a riƙa dai kawo yaron ana dubawa. Amma duk ranar da wurin ya kumbura ko ya kama ciwo farat ɗaya, a garzayo da shi ko ana ruwa, domin yana iya murɗewa jini ya daina isa gare shi.

Tsohuwa ba ta jin Hausa sosai. Ta ce uwar yaron tana waje, ɗan fari ne, kunya ba za ta bar ta ta shigo ba. Likita ya ce in nemo ta in isar mata da wannan gargaɗi dalla-dalla.

Na ce to. Sai dai cikina ya riga ni yanke shawara (ni da yunwa ba ma dogon musu). Na ja ƙawata Rifkatu muka fita bakin get, inda wata mai nono da muke kira Adda take zama ƙarƙashin darbejiya. Wata biyu ina sayen fura a wurinta, ban taɓa tambayar ko tana da ɗa ba.

Tana dama mana fura, ni kuwa na buɗe shafi. Na ba Rifkatu labari har da gishiri. Na ce an kawo mana wani yaro mai safaya taya, na ce ranar aurensa sai an ƙara masa sadaki, na kwaikwayi Hausar kakarsa. Rifkatu tana ta zungurina da gwiwar hannu, ni ina ganin dariya ce ta ci ƙarfinta. Adda ba ta ɗago kai ba, ludayi kawai yake zagaya ƙwarya a hankali.

Ina kai kofi baki sai ga tsohuwar ta fito da yaron a hannu. Ya zame ya ruga ya faɗa jikin Adda. Tsohuwa ta miƙa mata katin asibiti, wanda da hannuna na rubuta ranar dawowa a kai.

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shiga na ja ta na rufe. Adda ta soke katin a gefen zane, ta dube ni ba faɗa ba zagi, ta ce, "Mun ɓoye wa rugarmu, muka kawo muku, don an ce ku kuna rufa asiri."

Na soma in'ina ina cewa akwai saƙon likita. Ta rufe ƙwaryarta da faifai, ta ɗora a ka, suka tare keke napep suka wuce.

Na yi mako biyu ina leƙa gindin darbejiyar nan. Na tambayi masu nono a kasuwa, kowace ta ce ba ta san ta ba, ko kuma ta sani ta ƙi faɗa, ban ga laifinsu ba. Ranar da aka ba su ta zo ta wuce, ba su dawo ba. Da na gaya wa likita gaskiya bai yi mini tsawa ba, ya tambaye ni ne kawai ko uwar ta san alamun haɗarin. Na ce a'a.

Yau shekarata tara ina aiki, ƙananan nas-nas suna cewa na cika shiru, har wasu na zaton girman kai ne. Ba su san da tsada na sayi wannan shirun ba, kuma ba ni kaɗai na biya ba. Har gobe in aka shigo da yaro yana riƙe da mara yana kuka, sai na fara duba fuskar uwarsa kafin in duba kati.