Rasuwar Mai-Haƙuri, Kwamfutar Gidan Malam Uwaisu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da ban ga dalilin ɓoye shi ba, ni Zuwairatu, matar Malam Uwaisu na nan Batsari, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutar gidanmu, wadda muke kira Mai-Haƙuri. Ta cika ranar Juma'ar da ta wuce da hantsi, a kan tabarma, a gaban surukata, bayan gajeruwar jinya da hannun mutum ya jawo mata.

Marigayiya ta zo gidan nan daga Katsina, ba sabuwa ba, a shekarar da na fara karatun digiri daga gida ina kuma koyarwa a firamare. Baƙa ce, mai nauyi, irin wadda ake naɗewa, kuma Allah ya hore mata faffaɗan allo. In an kunna ta takan gaishe mu da "tun-dun", ta ja numfashi a hankali, "fuuu", sannan ta kama aikinta. Ta yi zaman wahala da mu. A wancan lokacin daga wayata take samun intanet, wayar kuma sai an rataye ta a ƙusa jikin taga. Nakan sa ta sauko da lacca guda, in tafi in tuƙa tuwo, in kwashe, in dawo in tarar da ɗan zoben nan yana ta juyawa. Shekarar da aka rufe layukan waya a yankinmu ta yi wata da watanni ba ta leƙa duniya ba, amma ko shafi guda na takarduna bai salwanta a hannunta ba.

Sai bara ta ga daɗi, da Malam ya kawo akwatin wayfay mai eriya, mai jawo intanet cikin gida, aka ɗaura eriyar a kan ƙarfen sola. Daga ranar nan gidanmu ya canza. Malamaina na magana ina kallon bakinsu, maganar ba ta yankewa. Malam yakan duba hasashen ruwan sama kafin ya fitar da iri zuwa gonarsa ta Karare. 'Yarmu Nusaiba ta nemi gurbin makarantar koyon jinya tana zaune a ɗaki, ba mu sa ta a mota zuwa Katsina muna zullumin hanya ba. Duk abin da na rubuta da rana, kafin magariba marigayiya ta aika da kwafinsa can ma'ajiyar intanet.

Ni ma na riƙe ta da mutunci. A kan tebur take zama, inda iska ke shiga ta ƙarƙashinta. Ina share mata ƙura da ɗan burushi mai laushi, ina zubar da tarkacen da ba a buƙata a cikinta, in ta nemi a sabunta ta in bar ta ta gama, in ta gama aiki in kashe ta ta huta. Manhajar tsaro guda ɗaya na sa mata, kuma ta ishe ta.

Amma babban aikin da za a riƙa tunawa da ita a kansa shi ne na Kaka. Kaka ita ce mahaifiyar Malam, tana zaune a Tsaskiya, ta ƙi yarda ta dawo gari. Autanta Nazifi yana tuƙin mota a Jidda, shekaru ke nan bai zo gida ba. Idonta ya yi yana, in an miƙa mata waya ba ta ganin komai sai haske. A allon Mai-Haƙuri ne kawai, in an yi kiran bidiyo ta matso da fuskarta sosai, take iya rabe idon ɗanta da gemunsa. Don haka duk sa'ad da hanya ta yi lafiya takan hau bayan babur, da tsufanta da ciwon ƙugunta, ta sha gargada har Batsari. Ta zauna ta ƙare masa kallo, ta yi masa faɗan rashin cin abinci, ta kwana biyu ta koma.

Yanzu sai batun jinya, wanda ba zai yiwu a yi shi ba sai an ambaci Faisal. Faisal ƙanin mijina ne, magidanci mai 'ya'ya, mai rumfar cajin waya da tura finafinai a bakin tasha. Wata rana ya ciro layin da ya maƙale a wayar wani direba da tsinken sakace, tun daga nan ya naɗa wa kansa sarautar Injiniya, kuma ba ya amsa kowane suna sai shi. Ya daɗe yana zagayen marigayiya, yana cewa ina azabtar da ita da rubuce-rubuce, ban san ƙarfinta ba. Ni kuwa ban taɓa bari ya taɓa ko murfinta ba.

Aka tura mu bita Katsina ta mako guda. Kafin in fita na ja wa Malam kunne, ya ce in tafi hankalina kwance. Malam Uwaisu mutum ne da yake iya tsayawa gaban bijimi ya kama ƙahonsa, amma ƙaninsa na langaɓe kai ya ce "Yaya", shi ke nan, an gama da shi. Motarmu ba ta kai Ruma ba, kwamfuta da lambar sirri suna hannun Injiniya.

Nusaiba ce ta ba ni labarin abin da ya biyo baya. Ya ɗura mata finafinai da wasannin ƙwallo har cikinta ya cika maƙil, na rumfarsa ne, yana sauko da su a kyauta da intanet ɗinmu. Duk tallan da ya faɗo yana cewa ya ci kyautar mota sai ya danna, domin a ganinsa Turawa sun daɗe suna neman wanda za su ba mota, sai yanzu suka gano shi a Batsari. Da ta fara nauyi, sai ya ce tsaro ne ya yi mata kaɗan, ya ƙaro manhajar tsaro biyu a kan tawa. Masu gadi uku a gida ɗaya, kowa na kama ɗan'uwansa yana cewa ga ɓarawo. A kan katifa yake ɗora ta, ƙofofin iskarta a toshe, yana ɓare gyaɗa a kanta. Da numfashinta ya koma "kirrr, kirrr", ya ce ƙarar na hana shi jin sharhin wasa, ya rufa mata bargo. Nusaiba ta yi magana, ya ce ta bar manya su yi aikinsu.

Na dawo ranar Alhamis na tarar da ita da zafi kamar an sauke ta daga murhu, tana ɗaukewa tana dawowa. Na ce a bar ta ta huta sai an kai ta wurin mai gyara. Ashe Kaka tana hanya.

Washegari da hantsi ta iso, ƙafafunta sun kumbura, da ƙullin daddawar da take so a nemi mai tafiya ya kai wa Nazifi. Ko ruwa ba ta gama sha ba ta ce a buɗe mata yaron. Ban iya ce mata a'a ba. Na shimfiɗa tabarma, na kunna. Mai-Haƙuri ta yi ƙoƙari, wannan shaida zan ba da ita ko'ina. Ta yi "tun-dun" a shaƙe, ta kira Jidda, har kiran ya shiga, Nazifi ya fara sallama. Kaka ta matso da fuskarta. Sai muka ji "ƙit", allo ya yi baƙi, wani ɗan ƙauri ya tashi. Injiniya yana tsaye a bakin ƙofa, ya ce a cire batir a sa ta cikin buhun shinkafa.

Na kira Nazifi ta bidiyo a wayata na miƙa wa Kaka. Ta kai ta ido, ta matsar, ta sake kaiwa, sannan ta haƙura ta kara a kunne. Sun daɗe suna magana. Da suka gama ta riƙo hannuna ta ce, "Zuwaira, ke da kika gan shi, ya rame ko bai rame ba?"

Na ce bai rame ba. Ta ce to, ta gode wa Allah. Faisal kuwa ko sau ɗaya ba ta kalli inda yake ba har ta koma Tsaskiya, kuma na lura tun ranar bai sake cewa a kira shi Injiniya ba a cikin gidan nan. A tasha dai na ji ana nan ana kira.

Abdulmumini mai gyara a Katsina ya duba ta, ya tabbatar zafi ya ƙone ta daga ciki, babu abin da za a iya yi. Ya kuma ciro ɓawon gyaɗa daga fankarta ya ba ni a takarda, yana nan na ajiye wa mai shi.

Marigayiya ta rasu ta bar caja guda, da linzaminta na danne-danne mai ciwon gefe ɗaya, da jakarta, da akwatin wayfay wanda yake ta ƙifta ido shi kaɗai a kan tebur. Ta bar mini aikin digirina cif a ma'ajiyar intanet, inda ta saba ajiyewa. Ta bar Malam Uwaisu, wanda yanzu yake cin tuwonsa kansa a sunkuye. Ta kuma bar maƙwabta masu yawa waɗanda ban san muna da kusanci da su haka ba, sai da na ga samarinsu jere a jikin katangarmu kowa da waya a hannu, domin Injiniya ya raba lambar sirrin wayfay ɗinmu kamar goron ɗaurin aure.

Ga yadda aka tsara. Ranar kasuwa mai zuwa Malam zai mayar da gawar wurin Abdulmumini, a cire abin da zai amfani wasu masu jinya, sauran a miƙa wa masu sayen tsofaffin ƙarafa. Ana karɓar gaisuwa a gida bayan la'asar, mata a ciki, maza a zaure. Wayfay zai kasance a kashe har a tashi daga zaman makoki, don haka wanda ya san don shi zai zo, ya yi addu'arsa daga gida, ta iso. An canza lambar sirri, kuma ko Malam bai san sabuwar ba.

Magajiyarta tana tafe in Allah ya so, mai allo kamar nata ko wanda ya fi shi faɗi. Kaka ta ce za ta dawo bayan an yanke gero, in da rai kuma hanya ta yi lafiya. Faisal ne zai je Tsaskiya ya ɗauko ta a babur ɗinsa. Zai sauke ta a ƙofar zaure, ya jira a waje.