Ranar da Na Koya wa Baba Ilu Wanki

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tashi takanas daga Unguwar Dosa na je Kawo koya wa mai wanki wanki ba.

Bikin abokina ne ya matso, na shiga Babbar Kasuwa na yanko yadi fari sol, mai shago ya rantse mini lilin ne na asali. Tela na gama ɗinki, na yi kwana biyu ina kallon bidiyo a waya kan yadda ake kula da lilin (ni da ko hankici ban taɓa gogewa ba). Ɗoki ya sa na sa rigar zuwa ofis don a gani, miya ta ɗiga mini a ƙirji.

Na kai ta wurin Baba Ilu, wani dattijo mutumin Zamfara mai shagon wanki da guga a bayan tasha. Mutum uku na zaune a benci suna jiran kayansu. Na gyara murya na fara ba shi karatu: ban da ruwan zafi, kada a murɗe, a shanya a inuwa. Har da ɗaga yatsa.

Baba bai katse ni ba. Da na gama, ya damƙe hannun rigar ya saki, yadin ya miƙe sumul. Ya zaro zare ɗaya daga bakin yadin ya ƙyasta masa ashana. Zaren ya narke ya dunƙule, warin roba ya tashi.

"Ɗana, lilin toka yake yi kamar takarda," in ji shi. "Wannan ɗan'uwan leda ne."

Wani a benci ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Na rasa inda zan sa fuskata.

Maimakon ya yi dariya, sai Baba ya ɗauko wata tsohuwar riga ta lilin na gaske ya ce in taɓa. Sanyi kamar gefen randa, ga laushi. Ta wani malamin makaranta ce, wai tun kafin ya yi ritaya Baba ke wanke masa ita, kuma kowane wanki ƙara mata taushi yake yi. Ya yayyafa mata ruwa da yatsu, ya juya ta bai-bai, ya kara dutsen guga kusa da kuncinsa ya ji zafin, sannan ya ɗora. Tururi na tashi, yamutsin na kwanciya, hannunsa ko gaggawa babu. Na fi rabin awa a tsaye baki buɗe, na ma manta kunya nake ji.

Ranar biki na sa rigata haka nan, na yi gumi sharkaf.

Yanzu in na kai wanki, gaisuwa nake yi in miƙa kaya in kama bakina. Bidiyon kwana biyu ba ya ja da hannun da ya tsufa a aiki.