Ranar da Na Yi wa Amaryar Hamma Aure Uku

Ko tsufa ya zo ya share min komai a kai, ba zan taɓa mantawa da yammacin da aka zaunar da ni tafinta a tsakar gidan Goggona a Yelwa ba. Har yau in na tuna sai in ji gumi yana bin bayana, ko da ina gaban fanka.

Jamusanci ne ya ja min. A lise ɗinmu, wato sakandare, na nan Garwa, da muka kai ajin da ake zaɓen yare, na zaɓe shi don kawai ƙawata ta zaɓa. Na iya gaisuwa, na iya ƙirga, na iya cewa kare yana ƙarƙashin tebur. A gida kuwa aka ɗauka na shanye yaren, har ana kirana Bajamushiya. (Ban taɓa musawa ba. Wa zai gwada ni?)

Sai ga ɗan Goggo, Hamma Sa'idu, wanda ya yi karatun injiniya a Jamus ya dawo yana aiki a kamfanin siminti na Figil, ya ce zai kawo wadda yake son aura ta gaida mahaifiyarsa. Sunanta Silke. Ranar da za a yi gaisuwar, sai wata na'ura ta lalace musu a wurin aiki, aka riƙe shi. Ya kira ni a waya ya ce, "Ƙanwata, ɗauko ta daga otal ki zauna da su kafin in iso. Faransancinta bai wuce gaisuwa ba, amma ke ai kina jin yarensu."

Na ce, "Haba Hamma, wannan ai ba wani abu ba ne."

Lokacin zafi ne, irin wanda ko kaza ba ta yawo. Goggo ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ta haɗa folere, wato zoɓo, mai ƙanƙara, ta kira aminiyarta Dada Asta, Bafulatanar da ke maƙwabtaka da ita, wadda labari ba ya kwana a bakinta. Silke ta cire takalmi ta zauna a miƙe sambal kamar an ɗaura mata sanda a baya. Gaisuwa ta tafi lafiya lau. Goggo ta kasa faɗin sunan, ta mai da shi Siliki. Ni kuwa sai wani ɗaga kai nake yi.

Can Goggo ta ce, "Tambaye ta, mece ce sana'arta a can?"

Na tambaya. Silke ta yi murmushi ta saki magana kamar an kunna famfo. A cikin duk abin da ta faɗa kalma biyu na kama: ƙanƙara da rawa. To ni a rayuwata ƙanƙara iri ɗaya na sani, wadda ake ɗaurewa a leda a sayar. Rawar ce ban san inda zan sa ta ba, sai na ajiye ta gefe.

Na ce, "Goggo, ta ce harkar ƙanƙara take yi tun tana ƙarama."

Goggo, wadda ita ma da firijinta take rufa wa kanta asiri, ta washe baki. "Ashe 'yar sana'armu ce! Tambaye ta, su ma ana ɗauke musu wuta ta narke?"

Na harhaɗa tambayar yadda na iya. Silke ta dube ni jim, sannan ta ce a'a, akwai manyan injuna, ta ware hannu tana nuna faɗin wurin. Na ce, "Ta ce ƙanƙararta ta kai girman filin ƙwallo." Dada Asta ta riƙe haɓa ta ce, "Kai! Wannan ai babbar 'yar kasuwa ce."

Daga nan Silke ta shiga labarin wani namiji. Kalmar da take maimaitawa na san ta, malaminmu ya taɓa ce mana ana faɗinta ga wanda mutum yake zaune da shi. Ta ɗaga yatsa ɗaya ta ce na farko tun tana yarinya, ya bar ta ya tafi karatu. Ta ɗaga na biyu, ya koma wata ƙasa ya samu wata. Ni kaina ban so in faɗa ba, amma amanar tafinta aka ba ni.

Na ce a hankali, "Goggo, ta ce mijinta na farko ya tafi karatu bai dawo ba. Na biyu ya bi wata."

Murmushin Goggo ya fara tsinkewa. "Miji? Na biyu?"

"Ga na uku nan tana bayani."

Na ukun ne ya fi daɗewa a bakinta. Muryarta ta sauka. Ta miƙe ta ɗaga hannu biyu sama kamar mai ɗauke da tulu, ta juya, sannan ta buɗe tafukan. Ta ɗan ja zanen da na ara mata ta nuna wani dogon tabo a gwiwa, da wani a bayan hannu, ta yi maganar wuƙa a ƙasan takalmi. Ta ce a gaban alƙalai aka yi, jama'a cike da wuri.

Wallahi a lokacin kaina ya gama kullewa. Ina ƙanƙara, ina wuƙa, ina alƙalai? Amma idanu huɗu suna kaina, sai na faɗi abin da na gani: "Ya ɗaga ta sama, sai ya sake ta. A gaban alƙalai. Kuma akwai wuƙa a takalminsa."

"Inna lillahi!" in ji Dada Asta. "Duka, da saki, har da kotu?" Ta matsa ta kama hannun Silke tana shafa tabon, tana ba ta haƙuri da Fulatanci, hawaye na zubo mata. Silke ta ga tsohuwa tana kuka saboda ita, ita ma sai idonta ya cika. Ta juyo ta ce min, wannan kam na ji shi sarai, in gaya musu ko a ƙasarsu ba a taɓa fahimtarta haka ba.

(Na fassara wannan daidai. Shi kaɗai ne na fassara daidai a ranar.)

Goggo ba ta yi kuka ba. Ta zuba wa ƙofar gida ido ta ce, "Sa'idu bai gaya min bazawara ba ce. Ba laifi ba ne, amma aure uku, a ɓoye min?"

Silke ta share ido ta ci gaba, fuskarta ta yi haske. Ta ce bayan ta warke ta koma, da shi ɗin dai, kuma alƙalan suka ba su na uku, har da lambar wuya.

Na ce, "Ta yi kome."

Goggo ta juyo gaba ɗaya. "Gidan mai wuƙar? To yanzu ina yake?"

Na tambaya. Silke ta yi dariya ta ce yana nan lafiya, kullum suna waya, kuma ya yi alkawarin zai zo bikin.

Da na faɗa, Goggo ta miƙe ta naɗe sallayar da take zaune a kai. Ta ce, "A gidan nan ba za a ɗaura aure kan aure ba." Ta shige ɗaki ta saki labule. Dada Asta ta fara laluben takalminta, na kuma san inda za ta. Silke tana tambayata ko ta yi wani laifi ne, ni kuma ina ce mata komai lafiya, don ita ce jimlar da ta rage min.

A haka Hamma ya sauka daga babur, ƙurar siminti har a girarsa. Bai gama sallama ba Goggo ta fito ta tare shi. Ya saurare ta baki buɗe. Ya juya wajen Silke suka yi magana da sauri. Sannan ya dube ni. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

Ya ce, "Me kika ce musu?"

Ya ciro wayarsa ya kunna wani bidiyo, ya zauna tsakanin tsofaffin. Muka leƙa. Wani farin fili ne mai sheƙi, kiɗa na tashi, ga Silke tana yarinya ɗanya tana sulalawa a kai kamar ba ta da nauyi, wani saurayi riƙe da hannunta. A ƙasan takalmansu akwai ƙarfe siriri. Suka juya tare, ya ɗaga ta, ya sauke ta ko girgiza babu. A gefe ga mutane a jere suna ba da maki.

Hamma ya ce, "Wasa ne, Inna, gasa ake yi, rawa a kan ƙanƙara. Mutum biyu ake yi. Waɗannan abokan wasanta ne, ba ta taɓa aure ba. Tun kafin ta shiga makaranta take yi, kullum da asuba. Ranar da ta kuɓuce wa na ukun a gasar ƙasarsu gwiwarta ta tashi aiki, likitoci suka ce ta gama. Ta ƙi. Ta koma ta ci lamba, sannan ta bari da kanta. Yanzu gashin ƙashi take yi wa masu rauni a asibiti."

Goggo ta karɓi wayar ta sa aka maimaita mata. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Kayan dai babu yadi." Can kuma ta dubi gwiwar Silke ta ce, "Da wannan ƙafar kika koma?" Hamma ya fassara, Silke ta gyaɗa kai. Goggo ta cika mata kofi da hannunta.

Sannan ta waiwayo kaina. "Ke kuma, duk shekarun nan me kike zuwa yi a makarantar?"

Hamma ya mayar wa Silke duk abin da na faɗa, ɗaya bayan ɗaya. Ta yi dariya har ta kwanta a tabarma. Ni dai ina ta tsinkar zaren gefen tabarmar, ina roƙon ƙasa ta tsage.

An yi biki lafiya, mai wuƙar ma ya zo, mutum mai kunya, Dada Asta ba ta amsa gaisuwarsa ba har ya tafi. Ni kuwa na koyi cewa "ban gane ba" magana ce mai daraja, kuma ba a taɓa kwantar da kowa a asibiti don ya faɗe ta ba. Silke ma ta ɗauki nata darasin. Kafin shekara ta zagayo ta iya Hausa har da ciniki a kasuwa. Na yaba mata, na ce ashe tana son yarenmu haka.

Ta ce, "Ina so. Amma tsoron tafintarki ya fi yawa."