Dodon da Bai Tsorata Kaka Ba

"...Lafiya lau, mummuna. Ina batirin rediyon da na aike ki?"

"Ga shi, rigimammen tsoho. Miji sai aike, ko sannu babu."

Ta ajiye ledar batirin a kan keken ɗinkinsa da ya daɗe a lulluɓe. Zagin nan ya sanyaya mata rai. Tun da likita ya ce ciwon mantuwa ya kama kakan nata, da tsiyar da yake mata take gane ya shaida ta. Abin da take tsoro shi ne ranar da zai gaishe ta da ladabi.

"Karanto min shirmen naki," in ji shi. "Wai marubuciyar labarin ban tsoro, wadda ƙadangare ke kora."

Ta karanto masa daga wayarta: dodo mai jajayen idanu, haƙora zaƙo-zaƙo, yana gurnani a bakin ƙofa.

"Wannan ai ke ce kafin ki wanke fuska."

"Kai na kalla na rubuta."

"Da ya fito kyakkyawa. Ke, tun a layin farko kin tona masa asiri. Abin da ido ya gama gani ba ya razana kowa. Mai karatu a ɗakinsa ake kama shi, da abin da ya saba da shi, sai a ɗan karkata..."

Ya dubi ledar, ya dubi keken, sannan ya gyara zama ya fuskance ta da fara'ar da ake yi wa baƙo.

"Sannu da zuwa, baiwar Allah. Ɗinki kika kawo? 'Yar gidan wa ce?"

Ta matso kusa da shi da sauri. "Kaka, ni ce fa," ta ce.

Sai tsohon ya tuntsire da dariya har da tari.

"To ina haƙoran? Ina jajayen idanun? Ga ki nan kina makyarkyata."

"Mugu! Yau sai ka ba ni takardata."

"Na ƙi. Wa zai kwashi mummuna?" Ya riƙo hannunta, dariyar ta gushe. "Yau da gangan na yi. Ranar da abin ya zo da gaske, kada ki tsaya kina min kuka. Ki yi min tsiya son ranki, ko da ban rama ba."

Ta share ido da gefen mayafi, dariya da kuka suka haɗe mata.

"Ka ci, tsoho mai kan ƙwarya. Zan goge dodon."