Baba Walƙiya da Ma'ajiya Mai Jin Sanyi

Idan ana lissafin mutanen da Allah ya yi wa baiwar sanin inji, a fara da Baba Walƙiya, a huta, a sha ruwa, sannan a nemi na biyu. Shi ne mai shagon ɗaukar hoto da ke bakin titi, tsakanin mai aski da mai facin taya. Sunan nan ba iyayensa suka raɗa masa ba. Mu tsofaffin da ke zaman benci a ƙofar shagonsa muka ba shi, saboda in ya ce zai tashi daga kujera, kana iya zuwa gida ka dawo ka tarar yana kan hanyar miƙewa. Shi kuwa ya ɗauka saboda saurin hannunsa ne a kan kyamara. Ba wanda ya gyara masa. Mu ɗin ma ba mu fi shi saurin tashi ba.

Iliminsa na inji kaf a kan ginshiƙi ɗaya ya tsaya: abin da ke damun jikinsa, shi ke damun kowane inji. Abin da ke damun jikinsa kuwa sanyi ne. Gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, sanyi. Kunne ya yi nauyi, sanyi. Ya yi ta neman tabarau alhali yana kan hancinsa, sanyi ne ya hau kai. Ko da rana ta take kowa na sharce gumi, za ka gan shi da suwaita a ƙarƙashin riga, da hular ulu, da safa a kan safa.

Aikin shagon 'yarsa ta fari ke yi, wadda yake kira Uwata. Ita ke fita da kyamara, ita ke haɗa bidiyo, ita ke jin ƙorafin masu kawo aiki. Nasa aikin ya fi nata nauyi: shi ke riƙe da makulli. Yana rataye a wuyansa da igiyar takalmi, can ƙarƙashin suwaita, kuma a ganinsa ran da makullin nan ya bar wuyansa, ran nan ya zama tsohon da ake gaisarwa a wuce.

Shi ya sa da 'ya'yansa maza suka taru a falo suka ce, "Baba, ka yi aiki, ka gaji, ka ba Yaya makullin nan ka huta," sai ya dube su ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba hoton da bai wanku ba.

"Ni na gaji? Ni da nake wanke hoto a ɗakin duhu tun uwarku ba ta san za ta haife ku ba? To ku ji. Aikin makarantar nan da ke gabanmu, ni kaɗai zan ƙarasa shi. Kada wanda ya sa mini hannu, har ke, Uwata. In shugabar makaranta ta zo ba ta tafi da kayanta a kan lokaci ba, ga makulli, ga ku."

Aikin kuwa bidiyon yara ne na shekara guda, wasanninsu da karatunsu aji-aji, za a haska wa iyaye a taron rufe makaranta. Uwata ta ɗauka, ita za ta haɗa. Abin da ya rage wa gwani shi ne ya kwashe daga kwamfuta ya zuba a ma'ajiya, wato 'yar na'urar da ake adana bidiyo a ciki. Wani zai ce ai wannan danna abu ɗaya ne. Wanda ya faɗi haka bai san girman danna abu ɗaya ba in babban mutum ne zai danna.

Washegari ya shiga shagon masu sayar da kayan kwamfuta ya ce a kawo masa ma'ajiyar da ta fi kowace gudu, irin wadda ake kira es-es-di. Mai shagon ya tambayi irin kwamfutarsa, ya ji, ya sosa ƙeya.

"Baba, taka ta kwana biyu. Bakinta ƙarami ne. Ko ka sayi babbar nan, rabin gudunta ba za ka gani ba. Ga wata mai sauƙin kuɗi, aikinka ɗaya za su yi."

"Ɗana," in ji Baba Walƙiya, "ni tun da nake ban taɓa sayen na biyu ba. Kawo ta farko."

Aka kawo. 'Yar aba ce, ba ta kai tafin hannu ba, cikin akwatin ƙarfe mai layi-layi a baya. Ya biya abin da zai isa ya canza rufin shagon da ke yoyo, bai ko nemi ragi ba, don neman ragi na masu sayen na biyu ne. Yana fita mai shagon ya ɗaga murya ya ce, "Tana zafi in tana aiki, kada a rufe ta." Kunnen Baba, da yake sanyi ya taɓa shi, ƙarshen maganar kawai ya kama.

"A rufe ta," ya ce yana gyaɗa kai. "Yaron nan yana da hankali."

Ya iso benci ya buɗe mana kwali. Ya karanta abin da ke jiki da muryar mai karanta labarai.

"Dubu bakwai a daƙiƙa ɗaya."

Tsohon direba da ke cikinmu ya ce, "Dubu bakwai na me?"

"Na gudu mana. Kai da ka yi shekaru kana tuƙi, ka taɓa kai ɗari biyu?"

Direba ya ce bai taɓa ba. Mu ma haka, don dukanmu a ƙafa muke yawo.

Sai ya ciro ta ya ɗora a tafinsa, fuskarsa ta canza. Ƙarfen ya sha iskar shagon da aka sayo shi, sanyi ƙalau. Ya shafa layukan bayanta da ɗan yatsa.

"Ku dubi wannan rashin imani. Haƙarƙari duk a waje. Sun ƙera abu mai tsada haka, sun turo shi tsirara."

Muka karɓa hannu-hannu, kowa ya taɓa, kowa ya tausaya. A cikinmu ba wanda bai san abin da ƙarfe mai sanyi ke yi wa ƙashi ba.

Gwajin farko ya tabbatar da iliminsa. Ya jona ta, ya lulluɓa mata hankici, ya danna. Koren layin da ke nuna tafiyar aiki ya zabura kamar an kore shi. Baba ya juyo ya dube mu ta ƙofa, girarsa ta faɗi komai. Can kuma sai layin ya rage gudu. Ya koma tafiya. Ya koma jan ciki.

Wani zai ruɗe. Ban da shi.

"Haka gwiwata ke yi," ya ce. "Ka fito da ƙarfinka, iska ta buge ka a hanya, ka tsaya. Kashe fankar nan."

Aka kashe fanka. Aka rufe taga. Tsohon telan da ke cikinmu, wanda shekara da shekaru ba a kawo masa ɗinki ba saboda idonsa, ya ce a bar masa wannan. Ya auna ta da zare, tsawo da faɗi, ya tafi ya dawo da 'yar riga mai auduga a ciki, har da maɓalli biyu da ƙofar da waya za ta fita. Ba a taɓa yi wa inji sutura irin wannan ba. Har mai aski sai da ya bar kan mutum rabi ya leƙo.

Uwata ta dawo daga aiki ta tarar da shago kamar tanda. Ta dubi rigar, ta dubi ubanta.

"Baba, layukan nan na bayanta don iska aka yi su. In ta yi zafi rage gudu take, don kada ta ƙone."

"Uwata, ke kin san littafi, ni na san jiki. Me muka yi da ke a falo?"

"Ba zan sa hannu ba."

"To har baki."

Ta ce, "To, Baba," ta koma kan aikinta tana fifita da kwalin ma'ajiyar.

Malamai suka yi ta ƙaro bidiyo, wannan aji ya ce an manta da waƙarsa, wancan ya ce an yanke jawabinsa, har sai da safiyar ranar taro sannan Uwata ta gama haɗawa. Ta tashi daga kujera ta ba shi wuri. Baba Walƙiya ya zauna, ya ɓalla wa ma'ajiya maɓallanta har wuya, ya yi bisimilla, ya danna.

Layi ya zabura. Layi ya gaji.

Ana cikin haka shugabar makaranta ta iso, mace mai jiki, mai jaka a hammata, ta bar iyaye sun fara cika kujeru. Ya tarbe ta da jawabi.

"Malama, kin zo gidan sauri. Abin da ke gabanki, dubu bakwai yake yi a daƙiƙa. Zauna, kafin ki ajiye jaka an gama."

Ta zauna. Ta ajiye jaka. Ta ɗauka ta sāke ajiyewa. A jikin allo akwai wurin da ke faɗin sauran lokaci, kuma maimakon ya riƙa raguwa, ƙaruwa yake, kamar alkawarin mai gyaran mota.

"Baba, ko za a kunna fanka? Numfashi nake nema."

"Malama, ki yi haƙuri. Akwai mara lafiya a ɗakin."

Ya ga abin ba ya gaba. Sai ya yi abin da ba a taɓa ganin ya yi ba: ya cire hular ulunsa, ya bar kansa a fili, ya kifa ta a kan ma'ajiya. Mu da ke leƙe ta ƙofa muka jinjina. Direba ya miƙo mayafin wuyansa, aka ƙara. A ranar duk mun ba da abin da muke da shi.

Wayar Malama ta yi ta ƙara. Ɗaki ya fara warin guga. Sannan kwamfuta ta yi wani ɗan kuka, layi ya ɓace, ma'ajiya ta suma.

Baba ya zura hannu ƙarƙashin hula don ya ji jikinta. Ya fizge hannun ya kai yatsu baki.  Gumi na bin sanƙonsa, ɗaya hannun kuma ya kai ƙirji, daidai inda makulli yake kwance. Amma babban masani ba ya rasa bayani.

"Zazzaɓi," ya ce. "Kun gani? Abin da nake gudu ke nan. Sanyin da ta kwasa tun a shago, shi ne ya fito."

Muka ce ƙwarai, haka yake yi.

Malama ta miƙe. "Zazzaɓi ko? To ni na raini yara, nawa da na mutane. Yaro mai zazzaɓi tuɓe shi ake yi."

Ba ta nemi izini ba. Ta ɗauke mayafi, ta ɗauke hula, ta kama rigar da bakin gyalenta ta ɓalle maɓallan. Tela ya kau da kai. Ta tura taga, ta jawo fanka ta saita a kan haƙarƙarin nan, ta ce a jira ta huce. Uwata na tsaye a gefe, hannu a baya, baki a rufe, kamar yadda aka yi alkawari.

Da ta huce, Baba ya sāke dannawa, da yatsan da bai ƙone ba. Tsirara, cikin iska, a gaban jama'a, ma'ajiya ta kama gudu ba ta ƙara tsayawa ba. Ba dubu bakwai ba ne, don bakin kwamfutar ƙarami ne kamar yadda aka faɗa masa, amma ta kai. Sai dai kafin ta kai, an bugo wa Malama cewa iyaye sun gaji da kallon farin bango, rabinsu sun kama hanya. Ta zare ma'ajiyar ta jefa a jaka.

"Baɗi," ta ce daga bakin ƙofa, "da 'yarka zan yi magana."

Baba Walƙiya mutum ne mai cika alkawari, musamman in akwai masu kallo. Da yamma ya sa aka kira 'ya'yansa maza, aka shigo da mu shaidu, ya mai da hularsa, ya gyara murya.

"Na duba, na ga zamani ya lalace. Injin yanzu ba ya son sutura, ba ya jin maganar manya. Mutum irina ba zai tsaya yana jayayya da abin da ba shi da kunya ba. Saboda haka, ba don na kāsa ba, na ga dama in sauka."

Ya zura hannu cikin suwaita. Igiyar ta maƙale a kunne, aka taimaka masa. Da ya miƙa, a cikinmu 'yan benci ba wanda ya dubi ɗan'uwansa.

"Uwata, karɓi. Shagon nan yau ya zama naki. Ki riƙe makullin nan kamar yadda na riƙe shi. Dare ɗaya bai taɓa kwana a wani wuri ba."

Ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya. Aka yi addu'a, aka shafa. Ya juya zai fita, a hankali, yadda ya dace da mai barin mulki. Har ya kai ƙofa wani tunani ya tsayar da shi.

"Tsaya. In kullum yana wuyana, ke da me kike buɗewa da safe?"

Uwata ta dubi ƙannenta. Ƙannenta suka dubi silin.

"Baba," ta ce a hankali, "ai tun bara waccan aka canza kwaɗon."